Allurar Korona Da Mai Farfaɗiya: Ina Ainihin Haɗarin Yake?

Tun da allurar riga-kafin korona ta shigo ƙasar nan a watan Maris na 2021, akwai wata tambaya da ba a yin ta da ƙarfi a cibiyoyin lafiya na Jos. Mai hawan jini yana tsaye a layi zai ɗaga murya ya tambaya ko allurar ta dace da shi. Mai ciwon suga ma haka, har na bayansa su sa masa baki. Amma matar da mijinta ke da farfaɗiya sai ta jira layi ya rage, ta matsa kusa da ma'aikaciya, ta yi ƙasa da murya: "Sista, don Allah maigidana yana da lalurar nan ta faɗuwa. In aka yi masa, ba za ta tashi ba?" Wasu ko hakan ba sa yi. Ko dai su ƙi zuwa gaba ɗaya, ko su miƙa dantse su yi gum, su koma gida da fargaba.

Amsar a taƙaice ita ce farfaɗiya ba ta hana mutum karɓar wannan allura. Ƙungiyar ƙwararru kan farfaɗiya ta duniya, ILAE, ta faɗi haka tun farkon fitowar alluran: babu shaidar da ke nuna mai farfaɗiya ya fi sauran jama'a samun illa daga allurar, kuma haɗarin kamuwa da cutar ya fi na allurar nesa ba kusa ba. Sai dai a ganina gajeriyar amsa irin wannan ba ta wadatar da wanda ya taɓa ganin ɗan'uwansa ya yanke jiki ya faɗi kusa da murhu. Tsoronsa yana da tushe. In ba a nuna masa daidai inda gaskiyar tsoron take da inda ta ƙare ba, gyaɗa kai kawai zai yi ya tafi da abinsa a ciki.

Wani zai ce ai korona ta wuce, me ya kawo maganar yanzu? Gaskiya ne a ranar 5 ga Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa cutar ta daina zama matsalar gaggawa ta duniya. Ƙwayar cutar dai tana nan tana yawo, tana sauya kama. Sannan ita wannan tambaya ba ta korona ce kaɗai ba. Ita ce ke dawowa duk lokacin da aka fito da allurar ƙyanda, ko ta sanƙarau da ake yi wa maniyyata aikin Hajji, ko ta kariya daga sankarar bakin mahaifa da aka fara yi wa 'yan mata 'yan shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoban 2023. Wanda ya fahimci yadda lamarin yake a kan korona ya fahimci sauran.

A fara da ita farfaɗiyar. Ƙwaƙwalwa tana aiki ne da ɗan siririn lantarki da ƙwayoyinta ke aika wa juna bisa tsari. Idan wani rukuni na waɗannan ƙwayoyi ya tashi a lokaci guda ba tsari, sai mutum ya shiɗe, ko ya faɗi yana jijjiga, ko ya ƙura ido wuri ɗaya na 'yan daƙiƙu bai san abin da ake ciki ba. Ba aljani ba ne, ba sammu ba ne, kuma ba a ɗaukar ta ta yawu ko kumfar baki, duk da yadda ake watsewa a bar mutum shi kaɗai in ta buge shi a kasuwar Taminus. A yankinmu yawancin abin da ke jawo ta sananne ne: wahalar haihuwa da ta sa jariri bai yi numfashi da wuri ba, zazzaɓin cizon sauro da ya haye ƙwaƙwalwa, sanƙarau, buguwar kai a haɗarin babur ko mota, shanyewar ɓarin jiki ga manya. Wasu kuma da ita aka halicce su, a ƙwayar halittarsu take.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne, kowace ƙwaƙwalwa tana iya yin wannan in aka matsa mata. Ka ɗauke ta kamar tukunya a kan wuta. Ta kowa tana iya tafasa ta zube in wuta ta yi yawa, ta mai farfaɗiya dai ruwanta ya fi kusa da baki. Maganin da yake sha kullum shi ne ke rage ruwan. Zazzaɓi, rashin barci, giya, tsananin damuwa, amai da gudawa, su ne itacen da ake ƙarawa. Tambayar da za a yi game da kowace allura ita ce: itace nawa take ƙarawa, kuma na tsawon wane lokaci?

Manyan alluran da suka zo Nijeriya iri biyu ne a tsarin aiki. Kashin farko, kusan miliyan 4 na AstraZeneca, ya sauka a filin jirgin saman Nnamdi Azikiwe da ke Abuja ranar 2 ga Maris, 2021, ƙarƙashin COVAX, shirin duniya na raba alluran korona ga ƙasashe. Ranar 5 ga wata aka fara yi wa wani likita a Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, washegari Shugaba Buhari da mataimakinsa Osinbajo suka karɓi tasu a bainar jama'a. Daga baya Moderna da Johnson & Johnson da Pfizer suka biyo. AstraZeneca da Johnson & Johnson suna amfani da wata ƙwayar cuta ta daban da aka hana ta hayayyafa don ta kai saƙo cikin jiki. Moderna da Pfizer kuwa saƙon ne tsurarsa, wanda ake kira mRNA, a naɗe cikin ɗigon kitse. Saƙon duk ɗaya ne: jiki ya ƙera ɗan ƙayar da ke jikin ƙwayar korona, sojojin jiki su gan ta, su haddace kamanninta. Babu ɗaya daga cikinsu da ke ɗauke da ƙwayar korona mai rai, don haka ba ta sa wa mutum cutar. Yawancin aikin a tsokar dantse da kaluluwar hammata ake yin sa, shi ya sa hannu ke yin tsami.

Yayin da sojojin jiki ke wannan atisaye, wasu mutane sukan ji zazzaɓi, ciwon kai, kasala da tsamin gaɓoɓi na kwana ɗaya ko biyu. Ga AstraZeneca an fi jin haka a zagayen farko, ga Moderna da Pfizer a zagaye na biyu. To nan ne gaskiyar tsoron take. Allurar ba ta haifar da farfaɗiya, ba ta kuma ƙara mata muni na dindindin. Amma tana iya kawo zazzaɓi, zazzaɓin ya hana barci, su biyun kuma suna iya tayar da bugu ga wanda dama zafin jiki ke tayar masa. Hanyar ke nan, kuma hanya ce da ake iya tarewa. Shawarar ILAE ita ce wanda ya san zazzaɓi na tayar masa ya riƙa shan farasitamol a kan kari na tsawon awa 48 bayan allurar, ko har zazzaɓin ya sauka.

Binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban bayan an yi wa ɗimbin masu farfaɗiya allurar ya zo daidai da wannan. Mafi yawansu ba su ga wani canji ba. 'Yan kaɗan sun ce bugun ya ƙaru na ɗan lokaci, kuma galibinsu waɗanda dama ciwon bai kwanta musu ba ne, ko suka yi zazzaɓi, ko suka yi wasa da magani. Akwai kuma wani lissafi mai sauƙi da ake mantawa. Wanda take buge shi sau huɗu a wata ai kusan duk mako yana faɗuwa. In aka yi masa allura ranar Litinin ya faɗi ranar Alhamis, dangi za su ce allura ce, alhali ko ba a yi ba Alhamis ɗin ko Juma'arta tana tafe. Zuciyar ɗan'adam tana son haɗa abu biyu da suka zo a jere, musamman in ɗayansu baƙo ne.

Yanzu a auna da ita kanta cutar. Zazzaɓin allura na kwana biyu ne, na korona yana iya ɗaukar mako ko fiye, ya fi zafi, ga tari da ke hana barci, ga amai ko gudawa da ke fitar da maganin da aka sha kafin ya shiga jini, ga ƙarancin iska ga wanda ta kama huhunsa. Duk itacen da ake tsoro, korona tana kawo su a dami. Wani bincike da masana na Jami'ar Oxford suka jagoranta, wanda ya fito a ƙarshen 2022, ya duba bayanan marasa lafiya masu yawa ya gano cewa samun sabon bugu ko sabuwar farfaɗiya cikin wata shida bayan korona, duk da bai kai mutum 1 cikin 100 ba, ya fi yawa in aka kwatanta da bayan mura mai tsanani, kuma bambancin ya fi fitowa a yara. Ita farfaɗiya a karan kanta ba ta raunana garkuwar jiki. Amma da yawa daga masu ita suna da wata lalurar a haɗe, kamar shanyewar jiki, matsalar haɗiya ko taɓuwar fahimta, kuma su korona ta fi yi wa ɓarna. A Ingila, lokacin da ake jera waɗanda za a fara yi wa allurar, an sa masu farfaɗiya cikin rukunin masu lalura da aka gabatar a kan takwarorinsu masu lafiya.

Akwai wani ɓangare da ban cika jin ana faɗa ba, kuma shi ne ya fi ƙarfafa min gwiwa a kan allurar. Allurar korona ba ta faɗa da magungunan farfaɗiya. Mai shan fenobabiton, ko Tegretol, ko Epanutin, ko Epilim, ko Keppra, zai ci gaba da abinsa ba ragi ba ƙari. Magungunan jinyar korona ne ke da rigima da su. Paxlovid, wanda ake bai wa masu haɗarin shiga mawuyacin hali, ba a haɗa shi da Tegretol, Epanutin ko fenobabiton, domin waɗannan suna sa hanta ta narkar da shi da sauri har ya rasa amfani. Wato mai shan su, in ya kamu, an rufe masa wata ƙofa da ke buɗe ga wasu. Sai kuma abin da muka saba, na zuwa kemis a haɗo mana magani. Kowa ya tuna yadda aka yi rububin kulorokwin a watan Maris na 2020, har aka kwantar da mutane a Legas saboda sun sha fiye da ƙima. Kulorokwin yana iya tayar da bugu. Haka tiramol. Haka wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su sifuro. Wasu kuma, kamar eritiromaisin, suna sa Tegretol ya taru a jini har mutum ya riƙa jiri yana ganin abu bibbiyu. Mai kemis ɗin da ba a gaya wa komai ba zai zuba su a leda da kyakkyawar niyya.

Babban haɗarin da ke tattare da ranar allura kuwa, ba a cikin kwalbar yake ba. Akwai wani tunani da ya zauna a zukatan mutanenmu cewa ba a haɗa magani biyu masu ƙarfi a jiki. Sai uwa ta ce wa ɗanta saurayi, "Tunda gobe za a yi maka allurar nan, ka ɗan ajiye ƙwayarka kwana biyu, kada su haɗu su yi maka yawa." Ƙauna ce ta sa ta faɗi haka, amma gudun gara ne aka faɗa gidan zago. Maganin farfaɗiya yana aiki ne muddin adadinsa a jini bai sauka ba. In aka yanke shi farat ɗaya, musamman fenobabiton wanda shi ne mai araha da talaka ya fi samu, bugun kan dawo da ƙarfin da ya fi na da, wani lokaci ya riƙa zuwa a jere ba tare da mutum ya farfaɗo a tsakani ba. Wannan yanayi yana kisa. Kuma in ya faru kwana biyu bayan allura, labarin da zai zagaya unguwa shi ne allurar korona ta kusa kashe ɗan gidan wane. Ba wanda zai ambaci ƙwayar da aka ajiye a kan taga.

Mun ga irin wannan ta wata fuskar a lokacin kulle. Da aka rufe Filato a watan Afrilun 2020, mai karɓar maganinsa wata-wata a asibitin koyarwa na JUTH da ke Lamingo, ko asibitin ƙwararru na jiha, ko Jankwano, sai da ya yi tunanin abin hawa da shingayen hanya da kuɗin da babu. Mutumin Bukuru ko Gangare da maganinsa ya ƙare a tsakiyar kulle ba allura ce ta kayar da shi ba, don lokacin ma ba a fara yi wa jama'a ita ba. Wannan ita ce tsohuwar matsalarmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rayuwa ba bugu in aka gano ciwon aka ba su maganin da ya dace. Amma a ƙasashe matalauta kusan uku cikin huɗu ba sa samun maganin. Ba na hana kowa zuwa wurin malamin ruƙiya ko gidan addu'a. A yi addu'a, a kuma haɗiyi ƙwayar. Abin da ke ci min rai shi ne a ce wa mutum ya zubar da maganinsa don ya nuna ƙarfin imani.

To yaya ake shirya wa ranar? A zaɓi ranar da jiki ke lafiya. Mai zazzaɓi, ko wanda ta buge shi jiya bai gama dawowa daidai ba, ya dakata tukuna. A yi barci sosai daren, a karya da safe, a sha maganin safe a kan lokacinsa, a tabbatar akwai na mako guda a gida. A tafi da wani wanda ya san ciwon, kuma kada mutum ya tuƙo babur da kansa. Farasitamol bayan allura ake fara shi. Babba yana shan ƙwaya biyu masu miligiram 500, kada ya wuce sau huɗu a yini da kwana, a kuma lura cewa yawancin magungunan mura suna da farasitamol a ciki. Na yara da nauyinsu ake auna shi, ma'aikacin lafiya ne zai faɗa. A kwana biyun nan a guji abin da faɗuwa a cikinsa ke da muni: ɗiban ruwa a bakin rijiya, hawa tsani, zama dab da kaskon gawayi, wanda a sanyin Jos kowa ke matsawa kusa da shi. Wanda likita ya rubuta wa maganin gaggawa na tsayar da bugu ya ajiye shi kusa. In zazzaɓi ya wuce kwana biyu, a daina cewa na allura ne, a je a yi gwajin maleriya.

Sai maganar faɗa wa ma'aikaci. Ka duba yadda wurin allura yake a ƙananan cibiyoyinmu: tebur ɗaya a baranda, akwatin sanyi a ƙasa, babban rajista, tarin korayen katuna, benci biyu cike da maƙwabta. Ma'aikaciya tana rubutu ba ta ɗago kai ba take tambaya da ƙarfi, "Baba, akwai wani ciwo? Kana shan wani magani?" A bencin akwai surukin ƙaninsa, akwai matar da ɗanta ke neman 'yarsa. Me zai ce? "Babu, 'yata, lafiya lau." A garin da farfaɗiya ke fasa aure, ta kori yaro daga makaranta, ta raba mutum da aikinsa, ba za a ga laifinsa ba. Lokacin da gwamnatin tarayya ta ce daga 1 ga Disamban 2021 ma'aikatanta sai da shaidar allura ko ta gwaji za su shiga ofis, akwai waɗanda suka shiga tsaka mai wuya saboda ciwon da suka shekara suna ɓoyewa. Gyaran nan a hannun ma'aikata yake, kuma ba ya cin ko sisi: a matsar da kujerar tambaya taku biyar daga benci, a rage murya. Shi kuma mai lalurar, in bakinsa ya yi nauyi, ya miƙa kwalin maganinsa a naɗe cikin kati. Ma'aikaciyar da ta san aikinta za ta gane, ta zaunar da shi wuri mai kyau na minti 15 zuwa 30 na jira, ta sa masa ido.

Dalilin jiran shi ne borin jini mai tsanani, wanda ba kasafai yake faruwa ba, kuma in zai zo a mintocin farko yake zuwa. Wannan bai shafi farfaɗiya ba, kowa ake wa. Haka nan akwai suma ta tsoron allura, wadda ta fi kama matasa: mutum ya ji jiri, gumi ya karyo masa, ido ya yi duhu, ya sulale. Wani har ƙafafunsa su ɗan harba sau biyu ko uku, na gefe su ce farfaɗiya ce, wani ya ɗauka a waya ya tura WhatsApp. Bambancin a bayyane yake ga wanda ya lura. Mai suma yana dawowa cikin ƙasa da minti guda da an kwantar da shi, ya san inda yake. Wanda farfaɗiya ta buge yakan jima a rikice, wani ya ciji gefen harshe, barci mai nauyi ya biyo baya.

In kuwa ta buge mutum da gaske, a wurin allura ko a gida, abin yi bai canza ba. A kawar da abin da zai ji masa ciwo, a sa masa wani abu mai laushi a ƙarƙashin kai, a duba agogo, da jijjigar ta lafa a juya shi a kan gefensa. Kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, mutum ba ya haɗiye harshensa, haƙora kawai ake karyawa. Kada a ɗura masa ruwa, manja ko rubutu yana cikin wannan hali, huhu suke tafiya. Kada a danne shi. In ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, ko numfashi ya ƙi daidaita, asibiti kai tsaye.

Ba zan ce alluran ba su da illa ko kaɗan ba, domin faɗin haka shi ke zubar da amana. AstraZeneca da Johnson & Johnson an tabbatar suna iya jawo wani nau'in daskarewar jini da ba kasafai ake gani ba, wani lokaci a jijiyoyin kai. Alamarsa ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, wanda ke farawa daga kamar kwana 4 zuwa mako 4 bayan allura, da dishi-dishin gani, da amai, wani lokaci da bugu. Mai farfaɗiya bai fi kowa haɗarin samun sa ba. Damuwar ita ce shi da danginsa sun saba da bugu da ciwon kai, suna iya cewa ai ciwonsa ne, su zauna. Duk bugun da ya zo da kama ta daban da wadda aka saba, a kai shi ga likita. Kamfanin AstraZeneca dai ya janye allurarsa daga kasuwa a 2024, yana mai cewa sabbin alluran da aka sabunta sun rage buƙatarta. Moderna da Pfizer kuma an ga kumburin tsokar zuciya a 'yan ƙalilan, galibi samari, kuma yawancinsu sun warke. Wanda aka hana allurar kai tsaye shi ne wanda ya yi mummunan borin jini a zagayen baya, ko yake da shi ga wani sinadarin da ke cikinta.

Akwai kuma waɗanda ya kamata su zauna da likitansu kafin su je, ba don a hana su ba, don a shirya musu: wanda bugunsa ke zuwa a kai a kai, mai juna biyu, wanda ke shan maganin da ke danne garkuwar jiki, da yara masu wata irin farfaɗiya mai tsanani da ake kira Dravet, sunan likitar Faransa Charlotte Dravet da ta fara bayyana ta a 1978. Labarin wannan ciwo ya cancanci a tsaya a kansa. A shekarun 1970 an yi ta yaɗawa a Ingila cewa allurar tarin shiƙa tana lalata ƙwaƙwalwar jarirai, saboda an ga yara da suka fara jijjiga kwana ɗaya ko biyu bayan allurar, daga nan kuma ba su sake zama daidai ba. Iyaye suka tsorata, masu kai 'ya'yansu suka ragu zuwa kusan ɗaya cikin uku, tarin shiƙa ya dawo ya kashe yara. Sai a 2006 Farfesa Samuel Berkovic na Ostireliya da abokan aikinsa suka binciki mutum 14 da aka ce allura ce ta nakasa su, suka tarar 11 daga cikinsu suna da tangarɗa a wata ƙwayar halitta mai suna SCN1A, wadda ke jawo ciwon Dravet. Da ciwon aka haife su. Zazzaɓin allura shi ne dai zazzaɓin farko da ya tone shi, da ba shi ba da na mura ko na ciwon kunne ya yi. Har yau likitoci suna ba da shawarar a yi wa irin waɗannan yara riga-kafinsu tare da shiri, domin zazzaɓin ƙyanda ya fi musu haɗari.

Na san a Arewa maganar allura ba ta rabuwa da tarihi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara 200, 11 suka rasu, wasu suka nakasa, aka yi shekaru ana shari'a kafin sulhu da gwamnatin Kano a 2009. Wannan tabo yana cikin abin da ya hura wutar ƙauracewa allurar shan-inna a 2003, wadda ta bar yara da yawa a gurguje. A Disamban 2021 kuma an ga hotunan alluran AstraZeneca fiye da miliyan 1 da wa'adinsu ya ƙare ana murƙushe su a juji a Abuja, domin an turo mana su saura ƙiris su lalace. Wanda ya tambayi me za a zuba masa a jiki bai yi laifi ba, haƙƙinsa ne, kuma wajibi ne a amsa masa da mutunci. Trovan dai maganin gwaji ne da aka bai wa yara marasa lafiya cikin gaggawa. Alluran korona kuwa an yi wa biliyoyin mutane a duniya, har da ƙasashen da suka ƙera su, kuma hukumar NAFDAC ta tantance waɗanda aka yi amfani da su a nan. Illolin da na lissafa a sama ma, sa idon da aka yi bayan fitowarsu ne ya bankaɗo su.

Wani abu da ya kamata iyayen masu farfaɗiya su sani shi ne riga-kafi yana cikin abin da ke rage yawan ciwon a al'umma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa kusan kashi 25 cikin 100 na farfaɗiya ana iya kauce mata. Yaron da sanƙarau ko ƙyanda ta taɓa wa ƙwaƙwalwa yana iya tashi da ita har ƙarshen rayuwarsa. Nijeriya ta fara allurar sanƙarau ta MenAfriVac a 2011, a 2024 kuma ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da Men5CV mai kariya daga nau'i biyar na ƙwayar sanƙarau. A ƙarshen shekarar aka fara allurar maleriya ga yara a jihohin Kebbi da Bayelsa. Gidan da ke da yaro ɗaya mai farfaɗiya sau da yawa shi ne ke ɓoye ƙannensa in masu riga-kafi sun shigo layi, alhali su ne suka fi kowa sanin nauyin abin da ake ƙoƙarin kare su daga gare shi.

Game da ƙarin allurar korona a yanzu, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2023 ta karkata ga tsofaffi, masu manyan cututtuka irin su ciwon suga da na zuciya, masu raunin garkuwar jiki, masu juna biyu da ma'aikatan lafiya, su ne ake so su riƙa sabuntawa. Yara da matasa masu ƙoshin lafiya an sa su a sahun baya. Saurayin da farfaɗiyarsa ta kwanta da magani, ba shi da wata lalurar, ya kuma karɓi allurarsa tun farko, ba shi cikin waɗanda ake matsa wa. Dattijon da tasa ta samo asali daga shanyewar ɓarin jiki, ga hawan jini ga suga, shi ya kamata ya tayar da maganar a zuwansa asibiti na gaba, ya tafi da koren katinsa da kwalayen duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya.